Manhaja na neman kalmar sirrin bankina, in ba ta ko in hana?

Mai_Albasa_Marwa
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masu ilimin waya a cikinku. Sana'ata albasa ce, ina lodi daga nan Marwa zuwa Yawunde da Duwala. Kuɗina a warwatse suke, wasu a banki, wasu a layin waya, wato Orange Money da MoMo na MTN, ga kuma bashin da ke hannun mutane. In wata ya ƙare sai in rasa gane me ya shigo, me ya fita. Ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar Gaundare ya zo hutu, ya sa mini wata manhaja, ya ce za ta tattara mini lissafin wuri guda, ta nuna mini riba da faɗuwa. Na yi murna. To da muka zo haɗa ta da banki sai ta buɗe gurbi biyu, ta ce in rubuta sunan shiga da kalmar sirrin da nake buɗe manhajar bankina da su. Nan hannuna ya tsaya. Yaron ya ce, "Kawu ba komai, kallo kawai take yi, ba ta taɓa kuɗi." Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Wanda ya sani ya faɗa mini don Allah: akwai hanyar da mutum zai bari irin wannan manhaja ta ga lissafinsa ba tare da ya jefa kansa cikin haɗari ba?

Ɗan_Kusiri
Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka ba ta. Ba a ba kura ajiyar nama.

Hajiya_Yelwa
Alhaji, Allah ne ya tsayar maka da hannun nan. Kalmar sirrin da ko matarka ba ka faɗa wa ba, za ka rubuta wa wanda ba ka san garinsu ba?

Injiniya_Garwa
Ranka ya daɗe, tambayarka tana da kyau, kuma amsarta ba "a'a" ce tsura ba, don hanya biyu ce ake haɗa manhaja da banki, ba ɗaya suke ba.

Ta farko ita ce wadda ka ci karo da ita. Ka miƙa sunan shiga da kalmar sirri, kamfanin ya ajiye su a kwamfutarsa, kullum na'urarsu ta shiga asusunka da sunanka kamar kai ne, ta kwafe abin da ke allon. Banki ba ya bambanta ku. Duk abin da kake iya yi a ciki, ita ma ƙofar a buɗe take gare ta. Maganar yaronka cewa kallo kawai take yi, alkawarin kamfanin ne, ba shinge ba ne. Kuma ko kamfanin mutanen kirki ne, ranar da ɓarayin intanet suka fasa ma'ajiyarsu, makullinka na cikin abin da za a kwashe.

Ta biyu ita ce bankin da kansa ya buɗe wata 'yar ƙofa da ake kira API. Manhajar ba ta tambayarka kalmar sirri ko kaɗan. Sai ta tura ka zuwa manhajar bankinka, can ka shiga kamar yadda ka saba, bankin ya nuna maka: wane kamfani na son ganin ragowar kuɗi da shige da fice na asusu kaza, ka yarda? In ka yarda, bankin ya ba su wata shaida mai iyaka. Ba ta fitar da ko dala, tana da wa'adi, kuma duk ranar da ka ga dama ka soke ta daga wajen bankin. Kamar ka ce wa mai gadin sito ya bar akawu ya ƙirga buhuna yana tsaye a kansa, maimakon ka cire makulli daga aljihu ka ba akawun ya tafi da shi gida.

A Turai doka ce ta tilasta wa bankuna buɗe wannan ƙofa, dokar PSD2 da ta fara aiki a 2018. Har wa'adi suka sa, da farko kwana 90, daga baya suka mai da shi 180, in ya cika sai mai asusu ya sake tabbatarwa.

Saboda haka abin da zan tambaye ka: da ka danna sunan bankinka, ta fitar da kai zuwa manhajar bankin, ko a cikinta ta ce ka rubuta?

Mai_Albasa_Marwa
A cikinta ne Injiniya. Ta dai sa tambarin bankin a sama, da launinsa, amma ban fita daga manhajar ba.

Injiniya_Garwa
To hanya ta farko ce. Tambarin ba shaida ba ne, kowa na iya ɗauko hoto ya manna.

Matashin_Domayo
Baba Alhaji a gafarce ni, amma ina ganin ana tsorata ka fiye da kima. Ni shekara biyu ke nan ina amfani da irin wannan, ko sisi bai taɓa ɓata ba. Kuma ta taimake ni, ita ta nuna mini cewa kuɗin cirewa da na turawa suna cinye mini abin da ban taɓa zato ba, balle tun da aka sa harajin nan na kashi 0.2 cikin ɗari a kan tura kuɗi a 2022. Ka dai duba in akwai alamar kwaɗo a saman shafin, in akwai to a tsare yake.

Injiniya_Garwa
Ƙanena, maganar kwaɗon nan a gyara ta, don mutane da yawa sun faɗa rami ta nan. Kwaɗon yana nufin ba mai leƙen abin da ka rubuta a kan hanya tsakanin wayarka da shafin. Bai ce komai ba game da wanda ke zaune a ƙarshen hanyar. Shafin ɗan damfara ma yana samun kwaɗo, kyauta ma ake samunsa. Amfanin da ka ce ka samu kuwa gaskiya ne, ban musa ba.

Tsohon_Akawun_Banki
Na yi shekaru a bayan kanta kafin in yi ritaya, bari in ƙara abin da ba a faɗa ba. Alhaji, ka nemo takardun da ka sa wa hannu ranar da aka buɗe maka banki ta waya. Za ka tarar an rubuta cewa kod ɗinka sirrinka ne, kuma kai ke da alhakin tsare shi. Wannan layin ba ado ba ne. Ranar da kuɗi suka fita ka zo ajans, wato reshen bankinka, kana kuka, tambayar farko da za a yi maka ita ce, ka taɓa ba wani kod ɗinka? In ka ce manhaja na ba, ka raunana ƙararka da bakinka, domin a na'urar banki shigar ta nuna da sunanka da kalmarka aka yi. Na ga dattawa sun fita daga ofis jiki a sanyaye saboda wannan, kuma ba abin da muka iya yi musu. Har yau abin na damuna.

Sannan ba kowane kamfani ke da izinin taɓa harkar biyan kuɗi a yankinmu ba. Ƙasashen nan shida masu sefa ɗaya, Kamaru, Cadi, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, babban bankinsu BEAC ne da ke Yawunde, mai sa ido a kan bankuna kuma COBAC. Tun Disamban 2018 akwai ƙa'idar CEMAC a kan ayyukan biyan kuɗi, wadda ta ce sai da lasisi. Ka ɗauki wayarka ka je ajans, ka nuna wa mai kula da asusunka manhajar, ka ce kun san wannan, kuna da yarjejeniya da su? Tafiyar mintuna ce a babur.

Mai_Kiyos_Pitowa
Ku kuna maganar manhaja, ni abin da nake gani kullum ya fi wannan. Ranar kasuwa mutum zai zo kiyos ɗina, rumfar da nake cire wa mutane kuɗin waya, ya miƙo mini wayarsa ya ce cire mini jaka goma, kod ɗina kaza kaza, da ƙarfi, mutane biyar na tsaye a bayansa. In na miƙa masa wayar na ce danna da kanka sai ya ji haushi, wai ban yarda da shi ba ko ina masa wulaƙanci. Wasu ma shekarar haihuwarsu ce kod ɗin, ga ta rubuce a katin ɗan ƙasa da suka ajiye mini a kan tebur. Ni ina tsoron Allah, amma kiyos nawa ne a ƙasar nan?

Hajiya_Yelwa
Mai Kiyos gaskiyarka, amma ka yi wa tsofaffi uzuri. Innata ba ta karatun boko, menun kuma da Faransanci yake zuwa ko Ingilishi. In ta danna #150#, lambar buɗe menun Orange Money, me za ta gane? Dole ta dogara da wani. Abin da muka yi shi ne jikarta guda ɗaya ce ke raka ta, ita kaɗai ta san kod ɗin, kuma ba a barin kuɗi da yawa a layin. Da kamfanonin nan za su sa Hausa da Fulatanci da murya, da rabin matsalar ta kau.

Baƙon_Injamena
Gaisuwa daga tsallaken gadar Ngeli. Mu nan Airtel Money da Moov Money muke fama da su, amma ciwon ɗaya ne. Ina so in ce wa Alhaji ya raba abu biyu. In tura kuɗi tsakanin banki da waya yake so, ko daga Kamaru zuwa Cadi, wannan akwai hanyarsa ta hukuma, GIMACPAY da aka ƙaddamar a 2020, kuma daga cikin menun bankinka ko na layinka ake bi, ba ka ba wani na uku kalmarka. In kuwa lissafi kawai yake so, to ba ya buƙatar a shiga asusunsa ma sam.

Wani abu kuma, layin da saƙon banki ke zuwa a kai, a tabbata da sunanka aka yi rajistarsa. Mutanenmu da yawa layinsu da katin ƙane ko na yaron shago aka yanka. Ranar da wannan ya je ya ce sim ɗinsa ya ɓata a sake masa, duk saƙon sirrinka hannunsa zai koma.

Mai_Ɗinki_Kollere
Ni bari in faɗi abin da ya same ni, ko wata za ta tsira. Bara kafin sallar layya keken ɗinkina ya lalace, ga kayan mutane jibge. Wata ƙawata ta turo mini manhajar bashi ta WhatsApp. Na sa ta, ta ce in yarda ta ga lambobin wayata, na yarda, ta ga hotuna, na yarda, ta ga saƙonni, na yarda. Ban ma karanta ba, idona na kan kuɗin. Jaka ashirin na nema, abin da ya shigo bai kai haka ba, wai sun cire kuɗin aiki, kuma kwana bakwai suka ba ni. Na makara da kwana uku. Wallahi sai ga surukata ta kira ni, wai an turo mata saƙo da hotona an ce ni mai cin bashi ce a yi hankali da ni. Malamin islamiyyar yarana ma ya samu. Matan da nake wa ɗinki sun samu. Na biya kuɗin, amma sati biyu ban iya fita unguwa ba don kunya. Kuɗi an biya sun wuce, maganar kuwa har yau akwai masu kallona da ita.

Hajiya_Yelwa
Innalillahi. Sannu 'yar uwa, Allah ya saka miki. Kin kyauta da kika faɗa.

Malam_Lopere
Allah ya mayar miki da alheri. Bashin da aka ba ka ƙasa da abin da aka rubuta, ka mayar da fiye, sunansa riba duk yadda aka canza masa suna, wannan a bayyane yake. Amma akwai wani gefen da nake so mu lura. Lambobin da ke wayarki ba naki ba ne ke kaɗai, amanar masu su ce. Surukarki ba ta ci bashi ba, ba a nemi izininta ba, amma sunanta ya tafi hannun baƙi. Ban faɗi haka don in ƙara miki ciwo ba, kusan dukanmu muna danna "na yarda" ba mu duba ba. Na faɗa ne don mu san cewa dannawar nan ba kanmu kaɗai take shafa ba.

Mai_Gyaran_Waya
Ƙari a kan labarin Mai Ɗinki. Tun ƙarshen watan Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store neman lambobin mutane da hotunansu. Shi ya sa da yawansu suka koma yawo ta WhatsApp da Xender, a turo maka fayil ka sa da hannunka, wayar ta gargaɗe ka, ka tsallake gargaɗin. Duk manhajar kuɗin da ta zo ta wannan hanya ni ba na sa wa kowa ita a shagona ko nawa zai biya. Mafi muni ita ce wadda ke neman izinin nan da aka tanada don makafi da masu lalura, wanda ke ba manhaja damar karanta duk abin da ke allo har ta danna da kanta. Manhajar lissafi ba ta da abin yi da wannan izini. In ta nema, goge ta.

Ba kuma ina cewa duk abin da ke Play Store tsarkakakke ba ne. Ana samun gurɓatattu a can ma, sai daga baya a cire su.

Mai_Albasa_Marwa
Allah ya saka wa kowa. Mai Ɗinki, Allah ya rufa asiri. Tawa dai ba ta bashi ba ce, kuma daga Play Store yaron ya sauke ta. Yanzu ya nuna mini tana da wata hanyar: in ban ba ta kalmar sirri ba, in bar ta ta riƙa karanta saƙonnin da banki da layukan ke turo mini, daga nan ta haɗa lissafin. Wannan fa? Ai ba makulli na ba ta ba.

Injiniya_Garwa
Ya fi na farko sauƙi, amma ka san abin da ka buɗe. Waya ba ta da izinin "karanta saƙon banki kaɗai". In ka ba da izinin saƙonni, duka ne: na iyali, na abokan ciniki, har da lambar nan ta amfani sau ɗaya da banki ke turowa in za a fitar da kuɗi. Lambar nan ita ce katanga ta biyu. Wanda ya samu kalmar sirrinka ta wata hanya, ita ce ke tare shi. Ka ga in manhaja ɗaya ta riƙe kalmar kuma tana karanta saƙo, katangun biyu duk suna hannu guda.

Akwai masu yin lissafin a cikin wayar ba tare da sun aika komai waje ba, akwai masu kwashewa zuwa kwamfutarsu. A Play Store ƙarƙashin kowace manhaja akwai sashen da kamfanin ke bayyana bayanan da yake tattarawa da waɗanda yake ba wasu. Ka sa yaron ya karanta maka. Sai dai ka riƙe a ranka cewa kamfanin ne da kansa ya cike wannan sashen.

Dillalin_Shanu_Gaundare
Duk kuna tsoron a sace kuɗi daga asusu. Ni tsorona a san nawa ne a ciki. Wanda ya zauna a yankin Adamawa ko Mayo-Rey ya san abin da masu garkuwa da mutane suka yi wa makiyaya da 'yan kasuwa. Ba sa zuwa gidan da ba su da labari, kullum akwai wanda ya tsegunta musu cewa wane ya sayar da shanu. To yau ga takarda da ke nuna ranar da kuɗin albasa suka shigo, nawa ne, daga wa, ga lambar waya, wataƙila har inda kake kwana in ka ba ta izinin wuri. Ban ce kamfanin zai kai wa ɓarayi ba. Amma ma'aikaci nawa ne ke iya buɗe wannan bayani, kuma wa ya san halinsu? Mu da muka taso aka koya mana ko ɗan cikinka ba ka faɗa masa adadin garkenka, wannan abin yana mini nauyi.

Ɗan_Kusiri
Wannan ita ce maganar. Alhaji ka sayi littafi da biro.

Matashin_Domayo
To Yaya, haka za mu zauna da littafi da biro har abada? Littafin ma ai yana ɓata, ruwa na cinye shi, yaron shago na iya buɗewa ya karanta. Kuma bankin kansa ma'aikata ne a ciki suna ganin kuɗin kowa. Na karɓi gyaran Injiniya a kan kwaɗo, amma ban yarda maganin shi ne gudu ba. Matashin da ba shi da fili ko gida da zai jingina, tarihin cinikinsa na waya shi ne kaɗai shaidar da zai nuna a yarda da shi a ba shi jari. In an ce kada kowa ya ga bayaninmu, mu ne za mu zauna a baya. Kamata ya yi mu matsa wa bankunanmu su buɗe ƙofar nan ta biyu.

Fatake_Mubi_Gidar
Yaron nan yana da gaskiya a nan. Ni ina shiga Najeriya kusan kowane wata. Can babban bankinsu ya fitar da tsarin buɗe ƙofar nan ta biyu a 2021, ya biyo da ƙa'idojin aiki a Maris 2023. Amma kada a ɗauka takarda ta gama komai, don a can ɗin ne manhajojin bashi suka fi yi wa mutane irin abin da aka yi wa Mai Ɗinki, har hukumar kare masu sayayya ta shiga tsakani a 2022. Kuma masu asusu a can su riƙe lambar BVN ɗinsu, wato lambar shaidar mai asusun banki, da kyau, kada a riƙa rubuta ta a duk inda aka tambaya.

Injiniya_Garwa
Matashi, ni ma ba gudu nake cewa a yi ba. Amma ka ga ko a Amurka, kamfanin Plaid, wanda shi ne babban mai haɗa manhajoji da bankuna a can, an kai shi kotu bisa zargin ya tattara bayanan mutane fiye da buƙata, kuma shafin shigarsa yana kama da na bankuna. A 2021 ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 58 don a sasanta. Can akwai lauyoyin da za su tara dubban mutane su shigar da ƙara guda. Alhaji in abu ya faru, daga Marwa wa zai kama?

Ɗalibar_Shari'a
Baba Injiniya, ba a rasa doka ba gaba ɗaya. Kamaru na da dokar tsaron intanet da laifukansa tun Disamban 2010, ga hukumar ANTIC da ake kai wa rahoton irin waɗannan laifuka. A Disamban 2024 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane, wadda ta ba mutum haƙƙin sanin abin da aka tara a kansa da neman a goge. Cadi ta riga mu, tata tun 2015 take, da hukumarsu ANSICE. Anti Mai Ɗinki, abin da aka yi miki laifi ne, in saƙonnin na nan a wayar surukarki a ɗauki hotonsu a ajiye, kina da damar kai ƙara.

Inda na yarda da kai shi ne, in kamfanin ba shi da ofis a ƙasar, ba adireshi sai imel, to aiwatar da dokar a kansa aiki ne ja. Shi ya sa kafin a sa manhajar kuɗi nake fara duba wane ne mai ita kuma ina yake zaune.

Mai_Ɗinki_Kollere
Na gode ƙanwata. Surukata ta goge, amma malamin yara ya ce nasa na nan. Zan yi shawara da maigida.

Uwar_Adashe
Ni tambayata ta ɗan bambanta. Ina riƙe da adashen mata 24, duk ta layina suke zubi. Da na so in sa irin manhajar Alhaji don ta riƙa nuna mini wadda ta zuba da wadda ba ta zuba ba. Amma maganar Malam ta tsaya mini a rai. Kowane saƙo da sunan mace da lambarta yake zuwa, wasu ma mazajensu ba su san suna adashe ba. Ke nan sai na tambaye su ɗaya bayan ɗaya?

Malam_Lopere
Hajiya, in za ki yi, ki tambaye su. In kin ga tambayar za ta yi nauyi, to alama ce abin da za a ɗauka ɗin ma mai nauyi ne.

Tsohon_Akawun_Banki
Mu dawo kan Alhaji, don har yanzu bai samu abin da ya zo nema ba, wato lissafi. Ga yadda na ga 'yan kasuwa masu hankali na yi. Ƙarshen wata ka sauke relebe, wato takardar shige da ficen kuɗin asusunka, daga manhajar bankinka da kanka, ko ka karɓa a ajans. Ka ba yaron ya shigar da alƙaluman a manhajar da ake rubuta wa da hannu, irin wadda ba ta haɗuwa da komai, ko a jadawalin kwamfuta. Aikin awa ɗaya ne ko biyu. In kuma lallai sai ka gwada mai haɗuwa da banki, buɗe ƙaramin asusu na daban wanda kuɗin cefane da na mai kawai ke ciki, ka gwada a kansa. Jarin albasa ya zauna inda ba wanda ya san ƙofarsa. Asusu na biyu yana da kuɗin riƙewa duk wata, ka tambaya kafin ka buɗe.

Direban_Tirela
Jama'a ni fa na riga na ba wata tawa kalmar, wata huɗu ke nan. Yanzu na goge manhajar da na karanta wannan. Shi ke nan?

Injiniya_Garwa
A'a Direba, gogewa daga wayarka ba ta goge abin da ke wajensu ba. Yanzun nan ka shiga manhajar bankinka ka canza kalmar sirri, wannan ne ke kashe makullin da ke hannunsu. In kana amfani da kalmar a wani wuri, imel ko Facebook, can ma ka canza. Sannan ka bi relebe na wata huɗun nan layi layi, har ƙananan kuɗi, don mai gwada asusu da ɗan kaɗan yake farawa. In ka ga abin da ba ka gane ba, ajans kai tsaye. Da ka tambaya kafin ka goge, da na ce ka fara rufe rajistarka a cikin manhajar ka nemi su share bayananka, amma har yanzu kana iya rubuta musu ta imel.

Direban_Tirela
Na canza. Ina Tuboro yanzu rezo, wato sabis ɗin waya, na wahala, in na isa Garwa zan duba relebe ɗin.

Mai_Albasa_Marwa
'Yan uwa na dawo. Yau da safe na je ajans kamar yadda Baba Akawu ya ce. Yarinyar da ke kula da asusuna ta duba manhajar, ta ce ba su da wata yarjejeniya da su, kuma ba su yarda abokin hulɗa ya rubuta kod ɗinsa a ko'ina ba sai a manhajarsu. Ta kunna mini saƙon da ke shigowa duk lokacin da kuɗi suka motsa, ta kuma rage mini iyakar abin da za a iya fitarwa ta waya a rana. Na tambaye ta ƙofar nan ta biyu da Injiniya ya faɗa, ta ce za ta tambayi na sama da ita. Manhajar ban goge ta ba, amma ban haɗa ta da komai ba, yaron zai riƙa shigar mini da hannu kafin hutunsa ya ƙare. Shi dai har yanzu yana ganin na cika tsoro.

Matashin_Domayo
Ni ina bayan ɗan ƙanwarka Baba, amma kuɗinka ne. Don Allah in ta kawo amsa daga na sama da ita ka sanar da mu, ni ma zan tambayi nawa bankin. In mutum goma suka yi tambaya ɗaya a wata guda, za su san ana so.

Uwar_Adashe
Injiniya, manhajar da ake rubuta wa da hannu ɗin, in na sa sunayen matan da laƙabi maimakon sunan gaskiya, kuma ban sa lambobinsu ba, ya wadatar? Zubin wannan watan ranar Juma'a ne, ina so in shirya kafin nan.